Fashin baƙi: Yadda Jamus ta ƙirga sojojin Stalin, ta manta da waɗanda ke tafe

Ranar 3 ga Yulin 1941, kwana goma sha ɗaya bayan sojojin Jamus sun kutsa cikin Tarayyar Sobiyat, Janar Franz Halder, babban hafsan hafsoshin sojin ƙasa na Jamus, ya rubuta a littafinsa na bayanan yau da kullum cewa ba ƙari ba ne in aka ce an gama cin yaƙin Rasha cikin mako biyu. Ba a cika kwana arba'in ba, ranar 11 ga Agusta, sai ga shi yana rubuta wata magana daban a cikin littafin nan dai. Ya ce ta bayyana ƙarara sun raina ƙarfin Rasha. Da za a fara yaƙi sun yi lissafin abokan gaba na da dibishan wajen 200, ga shi yanzu sun ƙirga 360. Ya ce lalle yawancinsu ba su da kayan yaƙi irin na Jamus, jagorancinsu kuma da rauni, amma dai ga su nan a fagen daga, in an murƙushe goma sha biyu sai Rashawa su sake jero wasu goma sha biyun.

Dibishan, ga wanda bai saba da kalmar ba, ita ce babbar runduna irin Runduna ta Ɗaya da ke Kaduna ko ta Bakwai da ke Maiduguri. A zamanin yaƙin Hitila kowace ɗaya kan ƙunshi mutum dubu goma zuwa dubu goma sha bakwai, gwargwadon ƙasa da irin aikinta. Ratar da ke tsakanin 200 da 360 kuwa mutane ne sama da miliyan ɗaya, kowa da bindigarsa, waɗanda babu su a taswirar hafsoshin Jamus. To, yaya aka yi sojojin da duniya ta san su da tsantseni wajen tsari da lissafi suka yi irin wannan lissafin Dokin Rano?

Sai mun fara duba yadda ake ƙirga abokin gaba. Babu wanda zai je ya jera sojojin wani a layi ya ƙidaya su. Abin da jami'an leƙen asiri ke yi shi ne tattara gutsattsarin labari. Jirgin sama ya ɗauko hoton bariki da tantuna da layin dogo. Masu sauraron rediyon soja su kama sautin wata hedikwata, su gane inda take ko da ba su fahimci abin da take faɗa ba. Fursunan yaƙi ya faɗi lambar bataliyarsa da sunan kwamandansa. A samu wasiƙa a aljihun gawa mai ɗauke da lambar gidan wayar soja. Kowace dibishan sai a buɗe mata kati, a riƙa cika shi: lambarta kaza, an gan ta a wuri kaza ranar kaza, an yi mata ɓarna kaza. In an haɗa katunan sai a sami hoton rundunar abokin gaba. Aiki ne na haƙuri, kuma Jamusawa sun iya shi.

Sai dai duk waɗannan hanyoyi abin da ke kusa suke gani. Suna auna ruwan da ke cikin randa ne, alhali tambayar da ke yanke hukuncin dogon yaƙi ita ce yaya idon rijiyar yake. Maza nawa ƙasar ke da su waɗanda suka isa ɗaukar makami? Nawa daga ciki aka taɓa horarwa? Akwai bindigogi da takalma da abincin da za a ba su? Akwai jirgin ƙasan da zai kai su bakin daga? Kuma, mafi wuyar aunawa, gwamnatin da ke kiransu za ta ci gaba da tsayawa da ƙafarta bayan an sha ta da bugu, ko za ta ruguje? Jirgin leƙen asiri ba ya ɗauko hoton amsar waɗannan.

Ofishin da aka ɗora wa wannan nauyi a hedikwatar sojin Jamus shi ne Fremde Heere Ost, wato sashen lura da rundunonin ƙasashen waje na gabas. Shugabansa a lokacin, Kanar Eberhard Kinzel, ba ya jin Rashanci, kuma ba Rasha kaɗai ke kan teburinsa ba, har da ƙasashe irin su Sin da Japan. Ita kuwa ƙasar Stalin, shugaban Sobiyat, a kulle take ruf. An ruwaito Janar Ernst Köstring, jami'in sojan Jamus a ofishin jakadancinsu na Mosko, wanda a Rasha aka haife shi kuma yana jin harshen, yana cewa ya fi sauƙi Balarabe sanye da alkyabba ya ratsa birnin Balin ba a lura da shi ba, da ɗan leƙen asirin waje ya ratsa Rasha. Abin da ya rage musu shi ne sauraron rediyo da jiragen Theodor Rowehl masu tashi can ƙololuwa, waɗanda suka yi ta shawagi a kan yammacin Sobiyat watanni kafin yaƙi, Stalin kuma ya hana a harbo su don kada ya ba Hitila hujja. Waɗannan sun kawo bayani mai kyau game da filayen jirgi da barikokin kusa da iyaka, shi ya sa a ranar farko kaɗai aka lalata jiragen yaƙin Sobiyat sama da dubu. Amma daga ƴan ɗaruruwan kilomita zuwa ciki, duhu ne.

Da ƙarancin bayani ne kaɗai matsalar, da sai a ce uzuri ne. A ganina laifin ya fi haka zurfi, domin shirin yaƙin ne ya riga ƙiyasi zuwa, sai ƙiyasin ya bi sahunsa. Tun watan Agustan 1940 Janar Erich Marcks ya zana daftarin farko, ya ce za a gama cikin mako tara zuwa goma sha bakwai. A watan Disamba Hitila ya sa hannu a kan umarni mai lamba 21, wanda ya ce a murƙushe Sobiyat a yaƙi na gaggawa. Masu kula da jigilar kaya sun san motocinsu ba za su iya ciyar da runduna fiye da nisan kilomita 500 daga iyaka ba sai an tsaya an gyara layin dogo, domin faɗin dogon Rasha ya fi na Jamus, jirginsu ba ya hawa. Kilomita 500 ɗin nan kuwa ta yi daidai da inda kogunan Dnieper da Dvina suke, Mosko kuma tana da nisan kusan ninki biyu. Ke nan shirin ba zai yi aiki ba sai idan ƙarfin sojan Stalin duka yana yammacin kogunan, kuma babu wani abin kirki a bayansu. Da yake abin da shiri ke bukata ke nan, shi aka ɗauka a matsayin gaskiya. Ban ga alamar cewa wani babban hafsa ya tsaya da gaske ya ce, to in fa akwai wasu a baya, me za mu yi ba.

Akwai abubuwan da suka sa wannan zato ya yi musu daɗin haɗiya. Stalin ya karkashe manyan hafsoshinsa a 1937 da 1938, har da Mashal Tukhachevsky. Ƙaramar ƙasar Finlan ta wahalar da sojan Sobiyat a hunturun 1939 zuwa 1940. Faransa, wadda ake ganin tana da soja mafi ƙarfi a Turai, ta faɗi cikin mako shida. Manyan janar-janar ɗin Jamus kuma sun shaida yadda Rasha ta watse daga ciki a 1917. A kan duk wannan ga aƙidar Nazi ta wariyar jinsi, wadda ke ɗaukar al'ummun Slav, irin su Rashawa, ƙasƙantattu da ba za su iya tsara komai ba. An ruwaito Hitila yana cewa ƙofa kawai za a tokara, ruɓaɓɓen ginin zai rufto da kansa. Don adalci, ba Jamusawa kaɗai suka yi wa Sobiyat kallon hadarin kaji ba. Masu leƙen asirin Birtaniya makonni kaɗan suka ba ta, sakataren yaƙin Amurka Henry Stimson kuma ya shaida wa Shugaba Roosevelt cewa Jamus za ta gama da ita cikin wata ɗaya zuwa uku. Bambancin shi ne su ba su jingina rayuwar ƙasarsu a kan wannan hasashe ba.

Gaskiyar abin da ke ƙasa kuwa, ranar 22 ga Yuni sojan Sobiyat na da dibishan 303, 61 daga ciki na tankokin yaƙi ne. Tun watan Mayu an fara turo wasu rundunoni daga cikin ƙasa zuwa layin Dnieper da Dvina a asirce, wato daidai wurin da shirin Jamus ya ɗauka babu kowa. Da sojojin Jamus suka gama yi wa abokan gaba ƙawanya ta farko a Minsk, suka kama fursunoni sama da 300,000, suka nufi Smolensk da zaton hanya ta buɗe, sai suka yi karo da rundunonin da babu katinsu a ofishin Kinzel.

Wannan ma somin taɓi ne. A ranar da aka fara yaƙi gwamnatin Sobiyat ta kira mazan da aka haifa tsakanin 1905 da 1918. Kafin 1 ga Yuli mutum miliyan 5.3 sun amsa kira, adadin da ya zarce dukan rundunar da Hitila da ƙawayensa suka shiga ƙasar da ita. Masanin tarihin soja David Glantz ya nuna cewa dokar aikin soja na dole ta tara wa ƙasar maza wajen miliyan 14 masu horo ko da na farko ne, kuma kafin ƙarshen shekarar Sobiyat ta fito da ninki biyu na dibishan ɗin da Jamusawa suka zaci iyakar ƙarfinta ke nan. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne tushen wannan lissafi ba sirri ba ne. Ƙidayar jama'a ta 1939 da aka wallafa ta nuna mutum miliyan 170, kafin ma a haɗiye ƙasashen Baltik da gabashin Folan, Jamus kuwa wajen miliyan 80 gare ta. Duk wani magatakarda mai fensiri zai iya fitar da yawan mazan da suka isa yaƙi. Hafsoshin sun san akwai mutanen. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne cewa gwamnati za ta ɗore har ta tara su, ta ba su makami da shugabanni, ta kai su fage.

Halder bai yi ƙarya ba da ya ce sababbin dibishan ɗin ba su da inganci. Da yawa an kai su daga da horon makonni, manyan bindigogi kaɗan, rediyo kusan babu. Da Rashawa suka ga ba su da ƙwararrun hafsoshin da za su sarrafa manyan rundunonin tanka, sai suka rusa su, suka koma ƙananan birget, suka kuma rage yawan mutanen dibishan. Sukan ma ɗauki lambar dibishan da aka shafe su laƙaba wa sabuwa, sai jami'in Jamus ya ga katin da ya soke ya dawo da rai. Amma dibishan mara inganci ma sai an yaƙe ta. Tana cin kwanaki, tana cin man fetur da harsashi, tana kashe saje da laftanan da aka shafe shekaru ana horarwa. A Kiyef, cikin Satumba, Jamusawa sun ce sun kama mutum 665,000. A Vyazma da Bryansk, cikin Oktoba, kusan haka kuma. A ma'aunin kowane yaƙi da aka taɓa yi, wannan ya isa a ce an gama. Tun kafin nasarar Vyazma da Bryansk ma, ranar 3 ga Oktoba, Hitila ya shelanta a Balin cewa an karya abokin gaba, ba zai sake tashi ba.

Ita kuwa rijiyar Jamusawa gajeriya ce. Kafin ƙarshen Nuwamba sojan ƙasa na Jamus ya yi asarar mutum sama da 740,000 a gabas, tsakanin matattu da raunatattu da ɓatattu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka fara, kuma waɗanda aka tanada don cike gurbi sun riga sun ƙare. Ƙiyasin ƙarfin abokin gaba ba shi da ma'ana sai an ajiye shi kusa da naka, a ga wa zai riga wani ƙafewa.

Akwai wani abu da babu shi a katin kowane jami'i, alhali ya yi tasiri a kan lissafin, wato zaluncin da mamayar ta zo da shi. Cikin fursunoni sama da miliyan uku da aka kama a 1941, wajen miliyan biyu sun mutu kafin Fabrairun 1942, galibi da yunwa da sanyi a filayen da aka kewaye da waya. Ga kisan kiyashin Yahudawa da ƙone ƙauyuka. Labari ya bazu. Mutanen da suka tsani Stalin, kuma suna da dalili, sun ga cewa miƙa wuya mutuwa ce. Jamus ta dogara da rugujewar gwamnati daga ciki, sai ta yi da hannunta abin da ya hana rugujewar.

Batun makamai ma haka. Jamusawa sun shiga da zaton tankokin Sobiyat wajen 10,000 ne, alhali sun haura 20,000, ko da yake da yawa tsofaffi ne ko a lalace. Ba su san ingancin tankokin Sobiyat samfurin T-34 da KV ba sai da harsashinsu ya riƙa dukan jikinsu yana fanɗarewa. Masu nazarin tattalin arziki kuma sun ɗauka in an ci Yukiren da yankin Leningrad da Mosko an yanke wa ƙasar masana'antu. Kwana biyu da fara yaƙi Sobiyat ta kafa majalisar kwashe kaya. Tsakanin Yuli da Nuwamba aka kwance masana'antu sama da 1,500, aka ɗora a jirgin ƙasa zuwa duwatsun Ural da Saiberiya da tsakiyar Asiya. Masana'antar tanka ta Kharkov ta koma Nizhny Tagil. A 1942 ƙasar da aka ce ta karye ta ƙera tankoki sama da 24,000, Jamus ba ta kai 10,000 ba. Akwai wani faifan murya da wani injiniyan rediyon Finlan ya naɗa ranar 4 ga Yunin 1942, inda ake jin Hitila yana faɗa wa Mashal Mannerheim, babban kwamandan sojan Finlan, cewa da wani ya gaya masa wata ƙasa za ta iya fitowa da tanka 35,000, da ya ce da shi mahaukaci ne.

Ranar 4 ga Disambar 1941 ofishin Kinzel ya ba da rahoto cewa abokan gaban da ke gaban Mosko ba su da ƙarfin kai babban farmaki sai an kawo musu ɗauki mai yawa. Washegari farmakin ya faɗo, da mutum sama da miliyan ɗaya. Ana yawan danganta shi da sojojin Saiberiya da aka janyo bayan ɗan leƙen asirin Sobiyat Richard Sorge ya tabbatar daga Tokyo cewa Japan ba za ta kawo hari ba. Sun taimaka ƙwarai, amma akasarin ƙarfin sababbin rundunoni ne da aka harhaɗa a bayan fage aka ɓoye su.

Kada mai karatu ya ɗauka kuskuren kullum ta wajen raini yake zuwa. A wannan yaƙin dai, masu leƙen asirin Birtaniya da Amurka sun riƙa zuzuta yawan tankokin da Jamus ke ƙerawa. Sai wasu masana tattalin arziki a ofishin jakadancin Amurka a Landan suka koma kan lambobin da masana'anta ke bugawa a jere a jikin inji da giyar tankokin da aka kama. Dabarar mai sauƙi ce. A ce an bai wa A Daidaita Sahun wani gari lamba daga ɗaya, ka tsaya bakin titi ka ga guda biyar, mafi girman lambar da ka gani 60. Tazarar da ke tsakanin lambobin, a matsakaici, wajen goma sha biyu ce, don haka akwai yiwuwar wasu kimanin haka a sama da 60, jimilla wajen 70. Da wannan hanya suka ce a watan Agustan 1942 Jamus ta ƙera tanka 327. Rahoton leƙen asiri na gargajiya ya ce 1,550. Da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, 342 aka gani. Abin da ya raba su shi ne lambar jikin ƙarfe ba ta san abin da shugaba ke son ji ba, kuma ba ta jin tsoro.

A watan Afrilun 1942 aka sauya Kinzel da Reinhard Gehlen. Ya ƙara ma'aikata, ya kawo masu jin Rashanci, ya gyara katunan, ya fara lissafin maza shekara-shekara da abin da masana'antu ke fitarwa. Ƙidaya ta inganta, amma sanin inda za a zuba ƙarfin bai inganta ba, domin Rashawa sun ƙware a ɓad da sawu: tafiyar dare, kashe rediyo, sansanonin bogi. A Nuwambar 1942 hankalin ofishin ya fi karkata ga tsakiyar fagen daga, sai aka yi wa runduna ta shida ta Jamus ƙawanya a Stalingrad, can kudu. A Yunin 1944 ya sa ido a kudu, sai bugun ya sauka a Belarus, inda aka shafe dibishan wajen 28 cikin makonni.

Daga ƙarshe matsalar ta juya. Alƙaluma sun zama daidai, mai saurare ne babu. Halder ya bayar da labari bayan yaƙi cewa a 1942, da aka karanta wa Hitila rahoton cewa Stalin na iya tara sababbin sojoji sama da miliyan ɗaya kuma yana ƙera tanka 1,200 a wata, sai ya harzuƙa ya hana a ci gaba da karantawa. A Satumbar shekarar ya sallami Halder. A ƙarshen Disambar 1944 Janar Heinz Guderian ya kai wa Hitila ƙiyasin Gehlen game da abin da Sobiyat ta tara a bakin kogin Vistula da ke Folan: sojojin ƙasa goma sha ɗaya ga ɗaya, tankoki bakwai ga ɗaya, manyan bindigogi ashirin ga ɗaya. A cewar Guderian, Hitila ya kira wannan yaudara mafi girma tun zamanin Jangis Khan, da aka koma masa da taswirori ranar 9 ga Janairu kuma ya ce a kai wanda ya shirya su gidan mahaukata. Ranar 12 ga Janairun 1945 farmakin ya fara. Kafin watan ya fita sojojin Mashal Zhukov na Sobiyat sun iso kogin Oder, kilomita wajen 70 daga Balin.